Mu da 'Yar Kaduna Ranar Asabar

A layinmu babu wanda ya taɓa zama yaron gareji ko na wuni ɗaya, amma duk ranar Asabar bakanikai muke. Da an sha koko sai ka ga muna gangarowa gindin dalbejiyar ƙofar gidana, inda Fijo 504 ɗin da na gada wajen mahaifina take fake. Wannan da sifana, wancan da tsumma, wani kuma bai zo da komai ba sai bakinsa. Mai bakin ma shi ya fi kowa gajiya idan yamma ta yi.

Abin da ya sa muke yi wa motar nan shisshigi shi ne mun ɗauke ta 'yar gida. A Faransa aka haife ta a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, amma mu a Kakuri muka san ta, inda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta tun 1983, mu kuwa a Kaduna ba a sake ta ba sai 2006. Ita ce motar hukuma, ita ce wagon ɗin tasha, ita ce ta kai amare ɗakunansu. Duk ma'aikacin da ya sami lamunin mota a zamanin iyayenmu, ita yake hari. To wanda ya tashi yana wanke ta da asuba, yana tura ta da sanyin hunturu, yaya za a yi ka gaya masa bai san cikinta ba?

Ga shi kuma ba ta da ɓoye-ɓoye. Motocin yanzu ka ɗaga bonet sai ka tarar da murfin roba ya rufe komai, sai an jona kwamfuta kafin ta faɗi inda ke mata ciwo. Ita kuwa 504 komai a fili yake: ga kabureta, ga lagireto, ga fanbel, ga injin nan mai silinda huɗu ya kishingiɗa gefe guda kamar dattijon da ya ƙoshi da tuwo. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Kana leƙawa sai zuciyarka ta ce maka, “Wannan ai ba sai an kira kowa ba.”

Kowannenmu kuma da cutar da ya haddace. Hedimasta, wanda ya yi ritaya shekaru da dama, komai ya samu motar kabureta ce. Ko taya ce ta sace, sai ya ce a dai fara duba kabureta. Baba Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan wagon tsakanin Kaduna da Kano, shi kwantak ya sani. Zai cire murfin distirbita, ya goge bakin kwantak da 'yar takardar yashi, ya gwada tazarar da kwalin ashana, alhali littafin motar milimita 0.4 ya ce. In ka yi magana ya ce, “Yaro, da kwalin nan na kai mutane Kano sau dubu.” Mai shagon kwana batir yake zargi kullum, maganinsa kuma dutse ne, a ƙwanƙwasa kan batir har sai ya ji kunya. Ladan ba ya taɓa ƙarfe. Nasa dai, “Malam, ka yi wa motar nan sadaka kuwa?”

Haka muke yi. Mu kwance jet ɗin kabureta mu hura da baki, mu wuni muna tofar da yawu mai ɗanɗanon fetur. Mu zare wayoyin fulogi guda huɗu gaba ɗaya ba tare da mun sa alama ba, sannan mu shafe awa guda muna musu a kan wacce ke bin wacce. Kowa ya san lissafin 1-3-4-2 ne, amma wace silinda ce ta ɗaya, ta wajen lagireto ko ta wajen giya? Nan ake raba gari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma muka daina zuba fetur a tanki don gwaji. Gora muke ratayewa a jikin bonet da 'yar tiyo zuwa kabureta, kamar mara lafiyar da ake yi wa ƙarin ruwa. In kik ya ƙi, sai a kira yaran layi. Sun saba har sun san inda gangara take, kuma sun san ladan turi alewa ce.

Duk wannan wasan yara ne a kan abin da muka yi bara da bazara. Motar ta fara shan ruwa, kullum sai na ƙara a lagireto, ga farin hayaƙi a salansa. Na kai wa bakanikenmu, ya saurara, ya sunsuna, ya ce gaskit ya ƙone, sai an ɗaga tof. Da ya faɗi kuɗin aiki sai na ce zan yi shawara. Shawarar kuwa a gindin dalbejiya aka yi ta.

Hedimasta ya ce, “Haba Malam, ƙusa goma ce fa kawai. Ka kwance, ka ɗaga, ka canja, ka mayar. Wannan ne za ka ba wani kuɗin buhun masara?”

Baba Direba ya ce a gabansa aka sha yin wannan aiki a bakin titi, a Kwanar Dangora, da fitilar hannu. Bai dai ce shi ya yi ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Na tafi Fanteka na sayo gaskit. Wanda bai taɓa neman kayan tsohuwar mota ba bai san yawo ba. Wannan ya ce tasa ta 505 ce amma za ta hau, wancan ya ce ka dawo jibi, wani ya shiga lungu ya fito da ita cikin ƙura kamar an tono ta daga kabari. Na dawo da ita ina taƙama kamar na ciwo kofi.

Asabar ta zo muka hau aiki. Ƙusa tara suka fita lafiya, ta goma ta ce sam. Muka zuba mata kananzir, muka zuba man birki, muka sa bututun ƙarfe a jikin sifana don ƙarin ƙarfi, mutum biyu suka rataya. Da ta saki, mai shago ya tafi da baya ya zauna a cikin robar baƙin mai. Wajen azahar muka ɗaga tof, muka tsaya muna kallon fistin huɗu kamar mun leƙa cikin rijiyar kakanni. A nan ne Hedimasta, da yake malami ne, ya ga damar koyarwa. Ya kira yara, ya sa sifana a gaban injin ya juya, don su ga yadda biyu ke hawa biyu na sauka. Yara suka yi tafi. Mu ma muka ce a sake. Ya sake har sau uku.

Abin da ba mu sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu, shi ne silindar 504 ba a jikin injin aka fafe ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su, kuma tof ɗin nan da muka ɗaga shi ne ke danne su a mazauninsu. A gindin kowanne akwai wani siririn abin toshiya da ke raba ruwa da baƙin mai. Bakaniken ƙwarai da ya ɗaga tof, kafin ya taɓa komai sai ya danne silif ɗin da ƙusa da faffaɗan washa. Mu kuwa mun juya injin sau huɗu, fistin ya turo silif sama, toshiyar ta rabu da mazauninta, mu muna tafi.

Muka mayar da komai kafin magariba. Ƙusoshin tof ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi, da sifana mai awo, domin tof ɗin na alminiyam ne, ba ya son a matse gefe guda a bar ɗaya. Mu awonmu shi ne nishin Baba Direba: in ya yi nishi sau biyu, ta ɗauru. Da muka gama sai ga noti uku da washa ɗaya sun rage a cikin kwano. Aka yi shiru. Can mai shago ya ce, “Ai Bature da ma yana sa ƙari.” Kowa ya yarda, don babu mai son a sake kwancewa.

Motar ta tashi kuwa, bugu ɗaya. Muka yi kabbara, Ladan ya ce sadakar ce. Na zagaya layi sau biyu ina danna ham. Washegari na zaro sandar gwada mai sai na ga baƙin mai ya koma ruwan shayi mai madara.

Uwargida na tsaye a bakin ƙofa. Da ma tana ƙullace da mu: robar wankinta ta zama ta baƙin mai, kwanon miyarta ya zama ma'ajin noti, tsohon zaninta ya zama tsumma. Ta leƙa ta ce, “Maigida, shayin na baƙi ne ko na gida?” Ban tanka ba.

Da igiya aka ja mu zuwa gareji, a bayan wata a-kori-kura, Baba Direba na riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu kamar hakimi a hawan salla. Bakanike ya zaro sandar, ya dube ta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Alhaji, wa ya juya injin?”

Hedimasta ya shiga gyaran hularsa.

Ya ce, “Da kun kawo mini, aikin wuni ɗaya ne. Yanzu sai na sauke injin gaba ɗaya.” Ya ɗauki notin nan uku ya nuna mana ramin kowanne, ba tare da ya ko duba ba. Garin neman gira muka rasa ido. Na biya ninki uku na kuɗin da na guje wa, ban da gaskit na biyu, ban da robar uwargida.

Za ka ce mun daddara. Sati biyu muka yi muna zaman majalisa babu sifana, hira ta ƙi daɗi, kowa na duban waya. A sati na uku Baba Direba ya karkata kunne ya ce kamar yana jin wani ɗan ƙara a ƙafar baya. Kafin ya rufe baki an kawo jak. Ɗana ya sha ce mini in sayar da ita in huta, masu sayen tsofaffin ƙarafa ma sun yi tayi. To in na sayar, ina dattawan layin nan za su je ranar Asabar?

Yanzu dai mun yi doka. Fulogi, kwantak, fanbel da wankin kabureta namu ne. Duk abin da ke ƙarƙashin tof na bakanike ne, kuma Hedimasta ba ya riƙe sifana sai da shaidu biyu. Kai ma mai tsohuwar Fijo a ƙofar gida, in karambani ya kai ka ga ɗaga tof, ka danne silif kafin ka kira 'yan kallo, kuma ka sayi robarka, ka bar ta uwargida.