Eriya, Busta da Reshen Itace

Yana daga cikin al'adun mutanen Amurka, waɗanda baƙo zai daɗe yana nazarinsu bai gano hikimarsu ba, mutum ya share shekaru talatin yana biyan bashin gida mai ɗakuna da ruwan zafi da na sanyi, sa'an nan idan lokacin zafi ya shigo ya kulle gidan, ya ɗaura wa motarsa wata ƙaramar tirela mai taya biyu, ya ja ta zuwa daji, ya biya hukuma kuɗi domin ta yarje masa ya kwana cikin sauro; kuma da yake ɗan Adam ba ya rabuwa da abin da ya saba, sai ya cusa wa tirelar duk abin da ya gudo ya bari, tun daga murhu da famfo da fanka har zuwa talabijin. Da zamana na koyarwa ya yi tsawo a jihar Wiskonsin, ni ma na sayi irin wannan tirela a hannun wani dattijo da ya gaji da ita. Ban yi niyyar rubuta abin da ya biyo baya ba, amma tun da ƙanin uwargida ya ɗauki labarin yana ruwaito shi a kowane taron suna da kowace Salla, da ƙari da ragi, ba tare da isnadi ba, ya zama wajibi in bayyana yadda al'amarin ya gudana.

A shekarar 2018, mako guda bayan ƙaramar Salla, ranar Juma'a 22 ga watan Yuni, Najeriya za ta kara da Aisilan a birnin Bolgograd na ƙasar Rasha, a gasar cin kofin duniya. Aisilan ƙasa ce da a lokacin mutanenta kimanin dubu 350 ne kawai, amma kwana shida kafin nan sun riƙe Ajantina ɗaya da ɗaya, kuma mai tsaron gidansu, Halldorsson, wanda sana'arsa ta asali shirya fim ce, ya tare fenaretin Messi. Mu kuwa Kuroshiya ta riga ta ba mu biyu ba ko ɗaya. Uwargida ta riga ta kama mana wuri a dajin gwamnati na Kettle Moraine, yamma da birnin Milwoki, kuma da na nuna mata cewa ranakun sun ci karo, sai ta ce, "Malam, ai ka ce tirelar tana da eriya." Na ce tana da ita. Ta ce, "To, shi ke nan."

Lalle tana da ita, irin mai fukafukai biyu da ke kwance a bisa rufi, wadda ake murza wani hannu daga cikin ɗaki ta miƙe tsaye, a jawo wani faifai a juya ta duk inda ake so. Sai dai akwai abin da mai karatu ya kamata ya sani, domin a kansa dukkan mas'alar ta ginu. A cikin kan eriyar akwai busta, wato 'yar na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi, kuma ba ta da wayar wuta tata ta kanta; wani ɗan faranti da ke jikin bango, mai makunni da koriyar fitila, shi ke ɗibar wutar batir mai bolt 12 ya tura ta sama ta cikin ita wayar eriyar, a daidai lokacin da hoto yake saukowa ta cikinta. Farantin tirelata ya mutu tun a hannun dattijon, sai rami da wayoyi biyu, baƙa da fara, suna leƙowa. Na sayi sabo, na ajiye ɗaurinsa sai mun isa, saboda na ƙiyasta cewa aiki ne na tsakanin Magariba da Isha'i.

Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin mota ya san cewa ja ita ce wayar da ke kawo wuta, baƙa kuwa ita ke komar da ita, kuma ban san wani makanike da ya saɓa wa wannan ijma'i ba. Da na ga baƙa da fara, babu ja, sai na yi ƙiyasi irin na masu ilimi: baƙa dai an san matsayinta, saboda haka fara ce ta gaji kujerar ja. Abin da ba a rubuta a jikin bango ba shi ne, da yawa daga cikin maƙeran tirela a Amurka mazhabar masu wayarin gidaje suke bi, inda baƙa ce mai wuta, fara ce mai komarwa. Ina haɗawa sai na ji wani ɗan sauti daga ƙarƙashin gado, dukkan fitilu suka mutu, famfo ya tsaya, uwargida kuwa tana tsaka da wanke shinkafa.

"Malam, an ɗauke wuta."

Na ce, "Hajiya, nan ƙasar ba a ɗauke wuta."

Daga waje ƙaninta ya ce, "Ashe kuwa Yaya ya kawo mana gida har daji. Allah ya saka da alheri."

Na buɗe akwatin fis da hasken wayar hannu, na ga wanda ya ƙone, na ciro na murhu na sa a gurbinsa, domin lalura tana halatta aro. Shi ma ya bi ɗan'uwansa, wani ya bi su, har sai da akwatin ya kusa zama kango, kafin na yanke shawarar musanya wayoyin, ba don na janye daga ƙiyasina ba, sai don in ga abin da mazhabar can za ta haifar. Koriyar fitila ta kama. An ce mai ijtihadi ko bai dace ba yana da lada guda, kuma ban ce ban dace ba. Na dai ce ladan nan ba a ci tuwo da shi ba a daren, don da burodi muka kwana.

Da asuba, bayan mun yi salla, na shiga kashi na biyu na aikin, wanda tausayi ne ya jawo shi. Yara suna son kallon zane-zanensu, ni ina son ƙwallo, kuma akwai wata 'yar talabijin ta biyu a mota. Sai na yanke wayar da ta sauko daga rufi, na sa mata ɗan ƙarfen nan mai baki uku da ke raba waya gida biyu, na feƙe bakunan da wuƙar yanka albasa, na murɗa su da filaya. Wasa zai fara ƙarfe goma na safe agogonmu. Na kunna talabijin, ta rubuto cewa babu sigina. Na umarci babban ɗana ya juya faifai, na fita waje ina duban rufi ina ba da umarni ta taga, kuma da yake na san Milwoki tana tsakanin alƙibla da gabas, alƙiblar Wiskonsin kuwa arewa maso gabas take, sai na auna da na'urar alƙibla ta waya, na sa aka miƙa tsinin fiffike ɗaya ya nuna birnin daidai wa daida. Talabijin ba ta sauya magana ba.

Ana cikin haka sai maƙwabcinmu na sansani, wani tsohon Bature mai wandon gajere wanda tun daren jiya yake kallonmu daga kujerarsa da kofin gahawa, ya taso da wata mita mai igiyoyi biyu, ya yi sallama irin tasu, ya ce shi aikin lantarki ya yi har ya yi ritaya, ko zan yarda ya duba. Na yarda, domin ba ya cikin ladabi a hana tsoho abin da zai ɗebe masa kewa. Ya taɓa bakin waya a gindin farantin, mita ta nuna wuta; ya taɓa bayan ɗan ƙarfen rabon, ba ta nuna komai ba. Ya ce irin wannan ƙarfe na gida yana barin hoto ya wuce, bayan ya cinye fiye da rabin ƙarfinsa a kowane baki, amma ba ya barin wutar batir ta hau, saboda haka busta tun safe a mace take a bisa rufi, koriyar fitila kuwa shaida ce kawai ta cewa farantin yana da rai. Ya juya farantin ya nuna mini wani baki a bayansa wanda maƙera suka tanada musamman domin talabijin ta biyu. Ya duba bakin da na feƙe, ya zaro wani silin waya guda, siriri, wanda ya kauce daga saƙar waje ya jingina da ƙarfen tsakiya, ya ce wannan shi kaɗai ya isa ya kashe komai. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tambaya wa ya nuna wa Milwoki tsinin fiffike, alhali da ƙirjinta eriyar take ji. Na ce yaro ne ke juya faifai, kuma wannan magana gaskiya ce.

Na tambaye shi ko ba za a ƙaro wata busta ba, a haɗa biyu, tun da ƙarfi muke nema. Ya ce a'a, kuma bayaninsa, idan na mayar da shi yadda za a fahimta, shi ne busta kamar ladan take a sahun baya: abin da ya jiyo daga liman shi yake ɗagawa, idan bai ji komai ba babu abin da zai isar, idan kuwa hayaniya ya ji hayaniyar zai ƙara wa murya. Mu kuma muna cikin kwari, domin ƙanƙarar zamanin da ce ta sassaƙa wannan daji ta bar shi tuddai da ramuka, kuma a ɗaya daga cikin ramukan aka ba mu masauki, nisan kimanin kilomita 50 daga turakun watsa shirye-shirye, ga itatuwa cike da ganye. Ya ƙara da cewa tun ranar 12 ga Yuni 2009, da manyan tashoshin ƙasar suka bar tsohon tsari suka koma na dijital, hoto mai yayyafi da a da ake lallaɓawa a kalla ya ƙare. Yanzu ko dai hoto ya fito tas, ko ya farfashe ya daskare. Kuma duk inda aka sauka sabo sai an sa talabijin ta binciko tashoshi daga farko.

Binciken nan ba ya sauri, kuma duk juyin da aka yi wa eriya sai an sake shi. A cikinsa aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo. Layin binciken yana rarrafe a kan gilashi sai wayar ƙanin uwargida ta yi ƙara, ya duba, ya yi tsalle har kansa ya bugi rufi: Ahmed Musa ya ci a minti na 49, an rubuto masa daga Kano. Wato labarin ya tashi daga Rasha ya je Kano ya ƙetaro teku ya same mu, alhali bai iya tahowa daga Milwoki ba.

Da bincike ya ƙare, Fox, mai nuna gasar da Turanci, ba ta samu ba. Abin da Allah ya hore mana shi ne Telemundo, mai nuna ta da Sifaniyanci, wanda babu mai jin ko kalma ɗaya daga cikinmu. Hoton kuwa a bakin gaɓa yake, ta yadda idan aka buɗe famfo injinsa ya motsa sai 'yan wasa su rikiɗe su zama murabba'ai, idan aka kunna fanka su sandare. Nan take na ba da fatawa: famfo haramun ne har a tashi, fanka makaruhi ce mai kusa da haramun, kuma kada wanda ya jingina da bango. Muka zauna cikin gumi, mu da tsohon Bature, wanda ya ce bai taɓa kallon wannan wasa ba amma yana son ya ga ƙarshen aikinsa.

A minti na 75 Musa ya kwaso ƙwallo ta gefen hagu, ya wuce mai tsaron baya, ya fuskanci mai shirya fim ɗin nan, kuma a daidai wannan lokaci autarmu, wadda shekarunta ba su kai na taklifi ba, ta buɗe famfo za ta sha ruwa. Musa ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Muka yi salati gaba ɗaya, har da Baturen gwargwadon iyawarsa. Aka janye yarinya, aka rufe famfo, muka jira abin da na ɗauka shekara ce. Da hoto ya dawo an riga an tara a kan Musa ana murna, amma mai sharhin Sifaniyanci, Allah ya ƙara masa numfashi, bai gama jan ihun da ya fara tun shigar ƙwallon ba, saboda haka muka riski wutsiyarsa, kuma wanda ya riski wani sashe na abu ba a ce ya rasa shi duka ba. Fenaretin da Aisilan ta zubar daga baya kuwa mun gan shi tas, tun daga gudu har ƙwallon ya haye saman raga.

Saura mas'alar da ƙanin uwargida ya fi jin daɗin ruwaitowa. Ranar Lahadi muka haɗa kaya, na duba taya, na duba ɗauri, na karanta addu'ar tafiya, muka kama hanya. Ba mu kai ƙofar sansani ba muka ji wata ƙara a sama, na duba madubi na ga eriyata tana reto a reshen wani itacen oak, wayarta tana bin iska. Tsohon Bature ya riga ya gaya mini cewa masu tirela sukan rataye makullin mota a jikin hannun murzawa, domin kada a tashi eriya tana tsaye, kuma na rataye. Sai dai ina da makulli na biyu a aljihu, wanda shi bai yi magana a kansa ba. Idan aka zo batun lamuni, akwai yaron da aka wakilta ga faifai, akwai reshen da ya sauko ƙasa da haddinsa, akwai kuma ƙaddara, wadda ba a shari'a da ita. Uwargida ta saurari dukkan waɗannan hujjoji har ƙarshe, ta ce, "Malam, hau ka toshe ramin kafin ruwa ya sauko."

Ranar 26 ga wata muka kalli wasan Ajantina a falo, a babbar talabijin, hoto garau, da sharhin da muke ji, ba famfon da ya dame mu, muka ga ƙwallon Rojo na minti na 86 da ya kore mu daga gasar, aka maimaita mana shi ta kowace kusurwa. Ƙanin uwargida ya kafa hujja da wannan cewa Najeriya ba ta cin wasa sai ina cikin daji ina fama da waya, kuma da Ghana ta hana mu zuwa Katar a 2022 sai da ya bugo mini waya takanas, ya ce tun da har yanzu ban sa sabuwar eriya ba, alhakin mutum miliyan 200 yana wuyana.