Malam Bahaushe a Birnin Male

Tun da Dubai ta zama gidan kowa, har yaron shago a Kantin Kwari yana leƙawa sarin kaya, 'yan gayu suka shiga neman inda za su je a ce sun je. Sai Allah ya haɗa su da Maldibs, ƙasar tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya. Yanzu angon da bai kai amarya can ba, a wasu unguwanni, kamar bai gama biyan sadaki ba ne.

Jirgi yana sauka a tsibirin Hulhule. Daga nan akwai gadar Sinamale da 'yan China suka gina, aka buɗe ta a 2018, ta kai ka babban birnin, Male, cikin 'yan mintoci. Mutanenmu masu hali ba sa hawanta. Kwalekwale mai inji ke kwasarsu zuwa otal ɗin tsakiyar ruwa, inda za ka ga Alhajin da ko a damina ba ya yarda ya tsallaka kwata ya ɗora rigar ceto a kan shadda mai aiki, yana ta salati, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan yana ɗaukar bidiyo.

Waɗanda aljihunsu bai kai can ba su ne ke shiga Male, kuma su na fi so. Birni ne a kan ɗan tsibirin da za ka ratsa da ƙafa kafin shayinka ya huce, amma mutum fiye da dubu ɗari ne a cunkushe cikinsa, benaye kafaɗa da kafaɗa, babura ko'ina kamar Kano kafin a hana acaɓa. Wani Alhaji a cikinsu, da ya zo da Hajiyarsa, bai biya kuɗin jirgi don ya ga cunkoso ba. Sai ya nemi bakin ruwa, ya juya wa birnin baya, ya ce, "Hajiya, ki ɗauka yadda gine-ginen nan ba za su fito ba."

Ga shi kuwa garin Musulmi ne kaf, Musulunci ya kafu a ƙasar tun 1153. Akwai tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, da aka gina a 1658 da dutsen murjani, an sassaƙa bangonsa da zane mai kyan gaske, katakon ciki ma duk ado da rubutun Larabci. Ɗan rakiya yana ta bayani, Alhaji yana shafa bango yana girgiza kai. Can ya ce, "To duk garin nan babu mai kuɗin da zai sa masa tayil? Ko fenti fa babu." Da a gida ne da tuni an kafa kwamiti, an rushe, an ɗora sabo da gilashi mai ruwan ɗorawa da sunan wanda ya gina a ƙofa. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya ga babbar cibiyar Musulunci ta 1984 mai ƙubba ruwan zinariya. Nan ya gyara hula, aka yi hoto goma sha.

A kasuwar kifi ana jere manyan tuna a ƙasa, ana fede su nan take. Hajiya ta taya, ba don za ta saya ba, don dai kar ranar ta wuce ba a yi ciniki ba. Da safe kuma aka kawo musu karin kumallon garin, mas huni: dakakken kifi da kwakwa da albasa da barkono, da gurasarsu roshi. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta zuge jaka. Kilishi, yaji, dambun nama, har da garin kunu. An yi tafiyar dubban kilomita don a ci abin da aka bari a gida.

Tarihi ba ya shiga kunnen Alhaji sai inda ya shafe shi. An gaya masa a 2009 Shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa, don duniya ta san teku na neman haɗiye ƙasar. Abin da ya tambaya shi ne nawa aka ba su alawus ɗin zama. Amma da aka ce matafiyin nan Ibn Battuta ya yi alƙalanci a nan Male a shekarun 1340 har ya auri mata huɗu, sai ya matso, ya ce a maimaita masa wannan wurin a hankali. Hajiya ta ce, "Alhaji, rana ta yi, mu tafi."

A shagon tsaraba ne abin ya fi ba ni dariya. Hajiya ta zaro dala ta sayi sarƙar wuri, tana cewa wannan ai sai ƙasar waje. Alhali daga waɗannan tsibiran aka riƙa kwasar wuri jirgi-jirgi, ya bi ta Turai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama kuɗin kasuwar Kurmi; da Baturen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da shi ake ciniki. Mai yiwuwa da irinsa aka biya sadakin kakar kakarta.

Kwana huɗu aka yi, amma hotunan ana sakinsu ɗaya-ɗaya har wata uku, don a ɗauka ana can. Ƙarƙashin kowanne kuwa akwai mutumin da ya ranta wa Alhaji kuɗin tikiti, bai taɓa fashi ba: "Ma sha Allah, Alhaji. Allah ya dawo da ku lafiya. Na ga motarka a ƙofar gida jiya."