Ku Masu Saurin Gogewa, Ku Matso

Na san ku sarai. Da kun buɗe sabuwar kwamfuta sai ku naɗe hannun riga, ku ce duk manhajar da ba ku kuka gayyato ta ba yau sai ta kwana a waje. In aka ce wata kashe ta kawai za a yi a bar ta a wurinta, sai ku yi wa mutum kallon matsoraci. To jarumai, a zauna.

Yallaɓai, ɗan hoton nan da ka ja ka jefa kwandon shara ba shi ne manhajar ba. Allon shago ka cire, mai shago yana ciki yana ciniki. Gobe in ka kunna, za ta riga ka tashi.

Kai kuma Alhaji, ka rantse ba ka son ganin Edge, manhajar buɗe shafukan intanet ta Microsoft. Ka je cirewa, ka tarar maɓallin ya dishe, ba ya dannuwa. Mutanen Turai Microsoft ta buɗe wa wannan ƙofa a 2024, su ma sai da dokar Tarayyar Turai ta matsa mata. Kai da dokar ba ta shafe ka ba, sai ka kwaso wani umarni a intanet ka tuge ta da ƙarfi, wasu sassan Windows su fara ɗingishi, sabuntawa ta zo ta iya maido maka da ita. Da Chrome ko Firefox ka naɗa ya riƙa buɗe maka shafuka, da tuni kana shan shayinka. Haka OneDrive da Teams: danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Startup, ka hana su tashi da kwamfutar. In wata rana ofis ya nemi taro ta Teams, tana nan.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ashe kai ma tsoro ne." Haba malam! McAfee na gwaji da ke damunka da neman kuɗi, cire shi gaba ɗaya, Windows tana da Defender nata. Manhajar Superfish da aka samu a wasu kwamfutocin Lenovo a 2015, cirewar ma ba ta wadatar ba, sai da aka bi takardar shaidar tsaron da ta dasa aka goge.

Amma kai da ka tuge manhajar sauti don sunanta bai yi maka ba, yanzu kana zargin lasifika, wane ne zai faɗa wa mai gyara gaskiya, ni ko kai?