Hajiya, Nawa Ne?

Wata mai sayar da atamfa a unguwar Yelwa ta Garwa ta jingine waya da gwangwanin madara, ta fara talla kai tsaye a Facebook. Tana cewa "wannan kuwa farashinta..." sai hoto ya daskare, baki buɗe. Masu kallo daga Marwa har Yola sai rubutowa suke: "Hajiya, nawa ne?"

Ta sauya layi, ta hau turmi tana neman rezo. Ba nan gizo ke saƙa ba. Mai kallo saukewa yake yi, mai watsawa turawa, kuma hanyar turawa ta fi ƙunci, balle bayan isha'i da kowa ya hau. Rage ingancin hoto daga 720 zuwa 480 ya fi hawan turmi amfani. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, waya na caji tana ɗauka, dole ta yi zafi ta rage gudu da kanta. In ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka ɗauke wuta kuwa, sai haƙuri.

Surukarta dai ta ce aikin kishiya ne, har ta turara wayar da hayaƙi.