Karen da Ya Tona Mini Asiri

Gwaggo ce ta ɗora mini kayan. Da ta ji zan je Amurka sai ta aika Agadasawa aka sayo kilishi mai ƙuli da yaji, ta ce in kai wa autanta da ke karatu can. Wani ƙanena ya ce ai ba a shiga da nama ƙasar. Na dube shi na ce, "Yaro, kai Kaduna ka sani. Bar wa manya harkar jirgi."

Daren tafiya na zauna na yi aikin gwaninta. Na naɗe kilishin a takarda, na sa a leda, na ƙara wata ledar, na cusa shi cikin hular zanna, na tura hular tsakanin manyan riguna. Sannan na zazzage rabin kwalbar turare a kai. Har na ji ina sha'awar kaina.

Da na sauka Amurka, a wurin ɗaukar kaya ina ta baza ido in ga irin ƙattin karnukan 'yan sanda na fim. Sai ga wani ɗan tsurut, tsayinsa bai kai gwiwata ba, kunnuwa sun zubo kamar ganyen kabewa, jiki fari da baƙi da ruwan ƙasa, har da 'yar rigarsa. Na taɓo wani Bakatsine da muka sauka tare na ce, "Alhaji, wannan ko kaza ba zai kora ba."

Bigul ake ce wa irinsa. Turawan Ingila ne suka raine shi don farautar zomo, kuma da hanci yake bin sawu. Farin nan na kan wutsiyarsa ma yana da amfani: da shi mafarauci ke hango shi cikin ciyawa. A 1984 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fara sa su aiki a filin jirgin Los Angeles, su riƙa shinshino nama da 'ya'yan itatuwa masu iya shigo da cutar dabbobi ko ta shuka. An zaɓe su ne don ba sa tsorata fasinja, ga kwaɗayin tsiya, ladarsu lomar abinci. Wato na haɗa makwaɗaici da kilishin Agadasawa, ina sa ran turare zai raba su.

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Wannan bai ɗauka ba, bai yi haushi ba. Ya wuce akwatin Bakatsine, ya zo nawa, ya kai hanci daidai inda hular take, sai ya zauna ya ɗago ido yana kallon matar da ke riƙe da shi. Ashe zaman nan shi ne ƙarar da ya shigar.

"Akwai abinci a ciki?" in ji ta.

"Kayan yaji ne kawai," na ce. Ban yi ƙarya duka ba, akwai yaji a jikinsa.

Ta sake tambaya a hankali, ta kuma ambaci tarar dala 300. Nan take na tuna cewa yajin yana manne da nama. Aka kai ni tebur, aka zazzage rigunana gaban jama'a, ƙamshin turare da na ƙuli suka gauraye wurin. Jami'i ya zaro kilishin daga hula da safar hannu, ya jujjuya shi, ya jefa a kwandon kayan da za a lalata. Karen ya karɓi lomarsa yana kaɗa wutsiya. Bakatsine kuwa ya tura kekensa ya wuce, ya yi kamar bai taɓa ganina ba.

Da dare na kira gida, na soma bayanin doka da cututtukan shanu. Gwaggo ta katse ni.

"Tsaya, ɗan nan. Soja ne ya ƙwace?"

"A'a, Gwaggo, kare ne."

"Babba?"

Na yi shiru. Sai na ji ta tana ƙwala wa ƙanen nan nawa kira, wai ya zo ya ji da kunnensa.