Gezna a Kolon

Mu huɗu ne, duk ɗalibai a Ingila, muka haɗa kuɗin jirgi mai araha don mu yi ƙarshen mako a Kolon ta ƙasar Jamus, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Sauran ukun kasuwannin bikin suke son gani. Ni kuwa sunan garin ne ya ja ni, don tun ina yaro nake jin sa a rediyon babana, lokacin da Muryar Jamus ke magana daga can, kafin ta koma Bon a 2003. Garin da babana ya sani ai ba a shigarsa da wandon jins. Na fito da farar geznata, 'yar ciki da babbar riga, da hula zanna bukar, da takalmi sau-ciki.

Rigar sanyi ba ta hawa kan babbar riga, sai na bar ta a gida. Bazazzagin cikinmu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano, ɗaurin aure za ka?" Na ce masa wanda ya sha hunturun Kano yana zuwa makarantar asuba ba a tsorata shi da sanyi.

Kana fitowa daga tashar jirgin ƙasa babban cocin garin ne a gabanka, baƙi ƙirin, tsayinsa mita 157. An aza harsashinsa a 1248, ba a gama ba sai 1880, abin da ya sa na ɗan sassauta wa 'yan kwangilarmu na gida. A nan iskar kogin Rhine ta gano cewa babbar riga buɗe take ta gefe biyu. Ta shiga ta dama, ta fita ta hagu, ta dawo. Shaddar da ta sha bugu ta sandare ta zama kamar kwanon rufi.

Amma fa an kalle ni. A kasuwar da ke gindin cocin, tsakanin rumfunan katako masu jan rufi, iyaye suka riƙa turo 'ya'yansu su tsaya kusa da ni a ɗau hoto. Na gyara hula, na saɓa riga a kafaɗa, haƙorana na kaɗawa ina murmushi. Na ce wa Bazazzagi, "Ka ga inda aka san daraja." Ya bari sai da na gama da yaro na ƙarshe, sannan ya ja ni gefe. A cikin cocin nan, in ji shi, akwai akwatin zinariya da Kiristoci ke cewa yana ɗauke da ƙasusuwan sarakuna uku da suka kai wa Annabi Isa ziyara yana jariri, an kawo su daga Milan a 1164, kuma a zane-zanensu ɗaya daga cikin sarakunan baƙin mutum ne mai manyan kaya. "Ranka ya daɗe, sun ɗauka hukumar kasuwa ce ta ɗauko ka haya."

Don in ji ɗumi na yarda muka hau hasumiyar cocin, matakala 533, mai murɗiya, matsattsiya, masu hawa da masu sauka duk hanya ɗaya. Wani dattijo ya taka mini gefen riga, ya ba ni haƙuri, matarsa ma ta taka. Na isa sama jiƙe da gumi, iska ta karɓe ni daga nan.

Da muka sauko na nemi abu mai zafi. Wanda kowa ke riƙe da shi giya ce aka dafa da kirfa, sai na sayi na yara, wanda ba shi da barasa. Na ga an caje ni fiye da abin da aka rubuta, na tsaya ina yi wa mai rumfar bayanin cewa ni ɗan Kantin Kwari ne, ba a yi mini haka. Ashe kuɗin kofi ne, in ka mayar a ba ka abinka. Layi guda na bayana suna sauraro.

Na kwana da niyyar sayen rigar sanyi da safe. Safiyar ta Lahadi ce, kuma a Jamus kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi, sai na tasha da ire-irensu. Abin da na samu a tashar shi ne mayafin wuya na ƙungiyar ƙwallon garin, ja da fari, da tambarinta a jiki: bunsuru. Na naɗa shi har hanci.

A haka Bazazzagi ya ɗauke ni hoto ya tura wa ƙanena, ƙanena ya nuna wa Hajiyarmu. Da daddare ta kira. Ba ta tambayi sanyi ba, ba ta tambayi cocin ba. Ta ce, "Kai, wa ya taka maka riga haka? Nawa ka saye ta?" Na faɗi rabin kuɗin, ta yi salati.