Ku da Kuka Ce Takarda Ba Ta Kwashe Bola

Na san ku sarai. Da an ambaci manufar ƙasa kan tsaftar muhalli sai ku karkata hula, ku ce 'yan boko sun samo sabuwar hanyar cin kuɗi. Alhajin kara ya ce shi dai a bar masa ranar kasuwarsa. Mai tirela ya ce a gyara hanya tukuna. Dattijon Fika kuwa cewa yake ƙazanta ta Potiskum ce, wai tun 1924 da fadar Sarki ta koma can aka kwashe musu hayaniya har da ƙudajenta. Allah ya ja kwana, Baba, amma ƙuda ma yana hawa motar haya.

Ban ce ba ku da hujja ba. Takardu kam mun tara. An fitar da manufar tsaftar muhalli ta ƙasa a 2005, aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA a 2007, sannan a 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarnin cewa zuwa 2025 an daina bahaya a fili a Najeriya. Ku leƙa bayan tasha da asuba ku zo ku ba ni labari.

Sai dai waccan takarda ta 2005 an rubuta ta ne lokacin da kowa ke kwana gidansa. Ba sai na tuna muku harin kasuwar shanu na Mayun 2012 ba, ko ɗaliban Mamudo a 2013, ko yaran makarantar kimiyya a Nuwamban 2014. Allah ya jiƙansu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda garin Potiskum ya cika bayan haka. Mutanen Gujba da Gulani da suka tsero, akasarinsu ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan uwa suka sauka, kuka karɓe su hannu biyu. Madalla da ku. To amma masai ɗaya ne a gidan, an haƙa shi don iyalin mutum ɗaya. Da ya cika aka haƙa wani a inda fili ya rage, kuma filin da ya rage ɗin gefen rijiya ne. Ma'aikatan lafiya suna son tazarar mita 30 tsakanin biyun. Malam, tsakaninka da Allah, auna naka da ƙafa. Idan damina ta sauka ƙasa ta jiƙe, abin da ke wannan rami yana tsiyaya zuwa wancan, ɗan garuwa ya ɗiba ya zaga unguwa da shi.

Za ku ce rai na hannun Allah. Haka ne, kuma da wannan imanin kuke kulle shago da kwaɗo biyu. A 2021 amai da gudawa ta kama mutum sama da 111,000 a ƙasar nan, ta kashe kimanin 3,600. Wannan adadi na shekara ɗaya ya zarce duk waɗanda hukuma ta lissafa korona ta kashe a Najeriya, korona ɗin da aka rufe mana kasuwa da masallaci saboda ita.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne batun sake gini. A 2016 gwamnati da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta ɓarnar Arewa maso Gabas a kan kusan dala biliyan 9, ta Yobe kimanin biliyan 1.2. Shekara ta zagayo aka yi dokar hukumar raya Arewa maso Gabas, NEDC. Gini yana da daɗin lissafi, yana da fenti, ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Ba mai gayyatar 'yan jarida don an yashe kwata. A nawa ganin, ƙasar da ta fito daga yaƙi ya kamata ta rubuta a dokarta cewa ba a buɗe makaranta ko asibiti sai da ruwa da banɗaki, kuma a gwada ruwan rijiyoyin unguwa kafin ruwan farko. Kuɗin hakan bai kai na katangar da ake zagaye ginin da ita ba.

Kun kuma saba ɗora komai a kan Abuja, saboda tana da nisa, ba za ta ji ba. Ku buɗe kundin tsarin mulki na 1999: kwashe shara, banɗakin jama'a, mayanka, kasuwa da tasha, duk aikin ƙaramar hukuma ne. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe Abujar taku tana nan sakatariya, kuma ciyaman ɗin kun ci shinkafar sunan ɗansa.

Mai cewa mutanenmu ba sa canzawa, ya haura Jigawa, ga ta nan maƙwabta. A 2022 ita ce jihar farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Da masu unguwanni da dagatai aka yi aikin, gida gida, tare da UNICEF. Su ma talakawa ne, su ma gero suke ci.

Kullum kuna yabon duba-gari na da, yadda iyayenmu mata ke jin tafiyarsa su ruga wanke randa. To idan aka dawo da shi, Alhaji, ya shigo gidanka ya auna, ya ce a cike masan nan, don girman Allah kada ka ɗauko waya ka kira ƙanenka kansila.